Gefen Hanyar da Baba Ya Zaɓa

Kwanakin baya jikana ya ɗauke ni a mota zuwa asibiti a Funtua, saboda ciwon gwiwar nan da ya ƙi barina. Na daɗe rabona da babbar hanya, sai na ga kamar wata ƙasa aka kai ni. An faɗaɗa kwalta, shaguna sun cinye inda muka sani da gonakin dawa, ƙauyukan da ake tafiya mai nisa tsakaninsu sun haɗe baki. Abu ɗaya kawai na gane. Yara a kan kekuna, samari a kan babura, suna tahowa ta gefenmu, gaba da gaba da motarmu, direbobi suna ta kauce musu suna zagi. Wani yaro ya goyo ƙanwarsa a baya, ta rungume shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun tana riƙe da ɗankwalinta. Na ja mayafi na rufe fuska. Jikana ya ce, "Hajiya, rana ce ta dame ki?" Na ce masa rana ce. Da muka dawo gida na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani da idona tun ina da ƙuruciya, da ɗan rubutun da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. In ya karkace a yi mini haƙuri.

A zamanin da nake magana, hanyar nan da ta haɗa Funtua da Malumfashi 'yar siririya ce, in manyan motoci biyu suka haɗu sai kowace ta sauke ƙafa ɗaya a ƙasa. Mota kuwa ba ta zuwa ba sallama. Tun tana bayan tudu za ka ji gurnaninta, har mace ta samu damar kore kajinta, ta janye ɗanta, ta koma ta tsaya tana kallo. Tsakanin mota da mota sai hanya ta yi tsit, ka ji kurciya, ka ji mata suna lugude a ƙauyen da ba ka hango ba. Da asuba abin da ke tashinmu kukan maruƙa ne da ƙarar guga a bakin rijiya. Ni sai in tatso nono, in zuba na jiya a gora in yi ta kaɗawa har mai ya taso, in kirɓa furar da na dafa, in mulmula, in jera a ƙwarya. Kafin rana ta yi zafi na ɗora gammo na kama hanya. Yanzu jikokina ba su san ƙarar gorar kaɗa nono ba. Da babur suke farkawa, da babur suke kwana, kuma ƙarar ta yi yawa har kunne ya daina rarrabe wadda ke zuwa da wadda ke tafiya.

Ni 'yar masu shanu ce, ko da yake tun kakanninmu muka zauna wuri ɗaya muka kama noma, Fillancin ma sai ɗan abin da ba a rasa ba. A gidanmu mace ba ta zama ba ƙwarya. Da aka kawo ni gidan mijina, mahaifinsa, wanda kowa a garin ke kira Baba, ya ce a bar ni da sana'ar uwata. Tun daga nan na ƙaunaci tsohon nan, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan, don ba mugu ba ne. Dogo ne, ya rankwafa, gemunsa fari fat, ya tsufa har ba wanda ya san shekarunsa. Kafin zuwan Turawa aka haife shi. Yana yaro ya bi fatake da jakuna, suna kai kanwa kudu suna dawowa da goro. In ya zauna a zaure da hantsi yana murza igiya a cinya, sai ya yi ta ba da labarin zango da madugu da rafukan da suka ƙetare, mu kuma muna ji daga cikin gida ta bayan zana.

Akwai labari ɗaya da ba ya gajiya da shi, kuma duk ranar da ya ɗauko shi muryarsa sai ta canza. Wai a wata tafiya yayansa ne a ƙarshen ayari, yana kora jakin baya. Suka shiga wani kurmi, suka fito, aka waiwaya ba yaro ba jaki. Mahara sun biyo su ta baya sun ɗauke shi, ko ƙara ba wanda ya ji. Har Baba ya tsufa bai sake jin labarin ɗan'uwansa ba. To daga nan ya ɗauki ƙa'idarsa. Yakan ce, "Ni ba na ba abin tsoro baya. Ko mene ne, in gan shi yana zuwa." A masallaci yakan zaɓi jikin bango. In zai kwanta, fuskarsa na kallon ƙofa. Da aka kawo motoci kuma, sai ya sa wa garin doka ba tare da ya ce doka ce ba: in za ka bi hanya, ka bi gefen da motoci ke tahowa, ka gan su ido da ido. Ga mai tafiya a ƙasa, maganar tana da kyau, ni ma haka nake tafiya da ƙwaryata. Amma sai keke ya shigo gari, aka ɗauki dokar masu ƙafa aka ɗora wa masu taya.

Mijina na cikin waɗanda suka fara sayen keke, shekarar da audugarsa ta yi kyau. Baƙi ne, mai ƙararrawa da kariya ta ɗora kaya a baya, ya naɗe masa jiki da tsummoki masu launi don kada fenti ya ƙuje. Da safe kafin ya wanke fuskarsa ya goge keken nan. Ranar da ya fara fita da shi babbar hanya, Baba ya rako shi har bakin kwalta da sandarsa. Ya ce, "Ka ji ni da kyau. Wannan abu ba shi da ido a ƙeya, kai ma ba ka da shi. Ka fuskance su. In ka ga mota ta yo kanka, ka saki keken ka yi tsalle cikin ciyawa. Keke ana sayen wani." Samarin garin har gwaji suke yi a fili bayan masallaci, mutum ya taho a guje, a daka masa tsawa, ya wantsala gefe ya bar keken ya tafi shi kaɗai, a yi ta dariya. Wanda ya fi iya tsalle shi ne gwani. Mijina kuwa ya fi kowa.

Muna da 'ya mace a lokacin, 'yar fari. Ba zan rubuta sunanta ba, don ban taɓa kiransa da bakina ba. Yaran yanzu ba za su gane wannan ba, su da ke ɗaukar ɗan fari suna yi masa rawa a gaban surukai. Mu a wurinmu ɗan fari ba naka ba ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka yabonsa, ba ka nuna ka damu da shi a gaban mutane. In ya faɗi ka kawar da kai, wani ya ɗaga shi. Tun da aka yaye ta ta koma wurin Baba, tare suke cin tuwo, a kan buzunsa take barcin rana. Yakan ce da ita amaryarsa, ita kuma ta ce ba ta son miji mara haƙora. Ya ce, "To ki dawo mini da goron da na kai gidanku." Ta ce, "Akuya ta cinye." Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa ina daga bakin murhu ina satar kallonta. Na san yadda take taka ƙafar hagu a karkace, na san tabon da ke bayan kunnenta, na san in za ta yi ƙarya sai ta taɓa hanci. Duk na sani, amma in aka tambaye ni sai in ce, "Wa ya sani mata, ku tambayi mijinta."

Ranar kasuwa mijina yakan je wani gari da ke gaba da mu ta wajen Malumfashi, inda ƙanwarsa ke aure. Yarinyar ta ƙwallafa rai sai ta bi shi wurin goggonta, Baba kuwa ba ya iya hana ta komai. Shi da kansa yake ɗora ta a kariya, ya shimfiɗa mata tsumma, ya kawo wani tsohon rawaninsa ya zagaya ƙugunta ya haɗa da ƙarfen sirdi, ya yi irin ƙullin da suke wa kayan jaki. Yana alfahari da ƙullin nan. Yakan ce tun daga nan har Gwanja kayansa bai taɓa zamewa ba. In ya gama ya ja ya ji ya yi tsam, sai ya ce, "To, a kai mini amarya a dawo mini da ita." Ta miƙa hannu ta ƙarƙashin hammatar ubanta tana neman ƙararrawa, su tafi.

Inda nake zama da furata wata mararraba ce, tsakanin garinmu da garin da suke zuwa. A nan hanyar kasuwar auduga ke fitowa ta haɗu da kwalta. Da kaka, manyan motoci masu bodin katako sukan fito daga nan, an lafta musu buhuna har sun fi bodin tsawo, su karya su nufi Funtua inda ake gurza. Audugar da ke zubowa takan maƙale a ƙayoyin gefen hanya, wuri ya yi fari kamar an shanya kaya. Mu biyu ne masu zama kullum, ni da wata dattijuwa mai ƙosai da muke kira Iya, mai baki kamar reza. Yaran mota in sun sauko sai su ce, "'Yar Fillo, yau ma rijiya kika tatsa?" Iya ta ce, "Kai da ko wanka ba ka yi, ina ka san ruwa?" Su kwashe da dariya, su sha, su ƙara.

Mai zama wuri ɗaya yana ganin abin da mai wucewa ba ya gani. Ni ba aikin da nake yi in ba ciniki sai kallon motocin nan, ga ɗana, ƙanen yarinyar, goye a bayana. A hankali na lura da wani abu. Duk direban da ya fito daga hanyar auduga zai karya Funtua, wuyansa wajen Malumfashi yake juyawa. Can yake kallo, don daga can motar da za ta iya buge shi take tahowa. In ya ga ba komai sai ya taka, motar ta yunƙura ta hau kwalta, fuskarsa har lokacin tana can. Sai ya gama karyawa yake dawo da ido gabansa. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, duka haka suke yi, tsoho da yaro. Mutanen garinmu kuwa ta ɗaya wajen suke ɓullowa a kan kekunansu, a bakin nan na hanya, daidai inda hancin motar zai faɗa. Suna ganin motar sarai. Ita ce ba ta ganinsu. Na kuma lura da wani abu: wanda mota ta biyo ta baya, direba na hango shi tun daga nesa, ya rage gudu, ya yi masa ƙaho, ya ratse. Amma wanda ya taho gaba da gaba, yana gudu tana gudu, kafin ka ce wani abu sun haɗu.

Na faɗa wa Iya. Ta daina juya ƙosai ta bi wata mota da kallo har ta hau kwalta. Ta ce, "La ilaha illallahu. Wallahi ƙeyarsa kawai nake gani." Na ce, "To Iya, ya zan yi? Ran kasuwa ta nan suke bi da yarinyar nan." Ta ce, "Wace yarinya?" Ta sani sarai, so take in faɗa. Na ci gaba da dama furata. Ta ce, "Kunyarku ta Fulani za ta kashe ku. Ki gaya wa mijinki, ba a gaban mutane ba."

Na gaya masa da rana a gona, da na kai masa abinci, mu biyu a gindin kaɗanya. Na zana masa a ƙasa da tsinke, ga kwalta, ga hanyar auduga, ga inda direba ke kallo. Ya daɗe yana duban zanen yana tauna. Sai ya sa ƙafa ya shafe, ya yi dariya. Ya ce, "Yanzu kuma ke ce sarkin hanya? Keken ma kin taɓa hawa?" Na ce, "Malam, ban hau ba, amma ina gani." Ya ce, "Ni ma gani nake yi, shi ya sa nake bin can. Ko kin fi Baba sanin tafiya?" Na ce, "To ka bi hannun da motoci ke bi ranar da ka ɗauko yarinyar nan kawai. Sauran ranaku ka yi yadda ka so." Ya ce, "In tsallaka a gaban garin nan duka, a je a ce masa ɗansa ya ba mota baya? Tashi ki kai kwanonki gida."

Ban haƙura ba. Wata ranar kasuwa, Baba na cikin ɗaure ta, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na fito har ƙofar zaure na durƙusa, na ce, "Baba, da an bar ta yau, na ga kamar da mura a jikinta." Ƙarya nake yi, ban san wata hanyar ba. Ya dube ni da mamaki, sannan ya yi murmushi. Ya ce, "Yau 'yar Fulani ta manta kunya a ɗaki. Ke ina ruwanki da matar mutane?" Mazan da ke zaune suka yi dariya. Yarinyar ma ta ce, "Ina ruwanki da matar mutane?" tana kwaikwayon muryarsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na koma ciki. Suka je suka dawo lafiya ranar, da ranar kasuwar da ta biyo, da wadda ta biyo bayanta. Har na fara ce wa kaina ko shaiɗan ne ke sa mini waswasi. Amma duk ran kasuwa ba na iya dama fura daidai, ludayi na hannuna idona na kan hanya.

Ranar da abin ya faru ba ta bambanta da sauran ba. Hantsi ne, da ɗan sanyi. Na riga su fita, na kafa ƙwaryata. Wata mota ta fito daga hanyar auduga ta tsaya a baki, injinta na kaɗawa, yaron motar na maƙale a baya. Sai na hango su daga wajen gari, farar rigarsa, da jan ɗankwalinta na leƙowa ta bayansa. Hanyar tana da ɗan gangare a wurin, yana tahowa da sauri. Na dubi direba. Ƙeyarsa na gani. Na miƙe, ƙwarya ta kife. Na ƙwalla, "Direba! Direba!" Iya ma ta ɗauka, tana ɗaga matsamin ƙosai. Ƙarar inji ta haɗiye mu. Motar ta yunƙura.

Mijina ya gan ta. Wannan kam gaskiya ne, ya gan ta sarai, kamar yadda aka yi masa alkawari. Jikinsa kuma ya yi abin da aka koya masa tun a filin bayan masallaci, kafin zuciyarsa ta tuna abin da ke bayansa. Ya saki keken ya yi tsalle. Na ga farar riga ta faɗa cikin ciyawa. Keken ya ci gaba shi kaɗai, da ita a kai, ta miƙa hannuwa biyu inda bayan ubanta yake. Ƙullin bai zame ba.

Ba zan rubuta abin da ya biyo baya ba. Abin da zan faɗa shi ne sai da aka sa wuƙa aka yanke rawanin. Direban, wani dattijo mai furfura, ya zauna a tsakiyar kwalta ya ɗora hannu a ka yana cewa, "Na duba hanya. Wallahi na duba hanya. Ta ina ya fito?" Mijina ya taso daga cikin ciyawa, ko ƙwarzane babu sai a gwiwar hannu. Iya ce ta kwance ɗana daga bayana, don na manta yana nan.

A gidan makoki ban yi kuka a gaban mutane ba. Ba a yi wa ɗan fari. Na zauna a ƙuryar ɗaki mata na shigowa suna fita, ina jin suna cewa, "Kai, yarinyar nan akwai dauriya, ta san gidan da ta fito." Ta bayan zana kuma ina jin maza a ƙofar gida, kowa ya zo ya yi ta'aziyya sai ya ƙara da magana ɗaya. "Allah ya sa yana fuskantar motar." "Ai da ta baya ta zo masa, da gawa biyu muka ɗauka." "Ganin da ya yi mata ne ya cece shi." Wani ya ce, "Ku yara ku ji da kunnenku, maganar manya ba a banza take ba." Haka aka yi ta maimaitawa har ta zauna. Kafin a share makoki, mutuwar 'yata ta zama hujjar Baba. Uwayen da a da ba su damu da gefen da 'ya'yansu ke bi ba, yanzu har duka suke yi in yaro ya bi hannun motoci. Iya kaɗai ta zo ta zauna kusa da ni, ta kama yatsuna ta matse.

Baba bai sake ba da labarin fatake ba. Igiyar ma ya daina murzawa. Yakan zauna a zaure da buzun nan a gefensa, ba ya bari kowa ya hau. In na kai masa tuwo na durƙusa, sai ya ce, "Sannu 'yar nan," ya kawar da kai. Sau ɗaya ya ce da ni, "Kin ga da bai ga motar ba, da yanzu ba ki da miji." Yadda ya faɗa, kamar tambayata yake yi. Na ce, "Haka ne, Baba." Me zan ce wa tsohon da ya rage saura ƙashi da fata?

Bayan an yi sadakar arba'in na koma mararraba, don gida ba ya ci sai da ƙwaryar nan. An gyara keken, an sa masa sabuwar taya, an cire kariyar. Ran kasuwa na ɗaga kai sai ga mijina tafe, a gefen nan dai, yana fuskantar motoci. Da ya iso kusa da ni ya sauka. Na ce, "Malam, har yanzu?" Bai dube ni ba. Ya ce, "Ai gani ne ya cece ni. Kowa ya shaida." Ya tura kekensa ya wuce bakin hanyar audugar a ƙasa, sannan ya hau. Na ce a raina, mutumin nan bai gane ba, kuma ba zai gane ba. Na ji haushinsa, amma haushin da ake ji wa wanda Allah bai ba ganewa ba, irin wanda ake iya zama da shi. Da wannan na zauna shekaru. Na haifi wasu 'ya'yan. Ɗana ya girma ya koyi keke a hannun ubansa, a gefen hanyar da Baba ya zaɓa, ina kallo. Ko da gwamnati ta zo ta canza hannun tuƙi a ƙasa duka, aka yi ta shela a rediyo har da waƙa, mutanen garinmu su ma suka canza. Suka koma ɗaya gefen, don su ci gaba da fuskantar mota. A shekarun nan mararrabar ta ci wani mai gyaran rediyo, ta karya wa wani ɗan maƙwabcinmu ƙugu. Kowane karo sai a ce bai yi tsalle da wuri ba.

Baba ya rasu da damina, cikin barcin rana, fuskarsa na kallon ƙofa. Aka yi masa sutura, garin duka ya fito, ni ma na yi masa kukan da ban yi wa jikarsa ba. Ran kasuwar farko bayan an tashi daga zaman makoki, ina zaune a wurina, Iya ta zungure ni da gwiwar hannu. Ta ce, "Ke, dubi." Mijina ne tafe. Yana can ɗaya gefen, a hannun da motoci ke bi, ya ba su baya, yana tafiya a natse. Wata mota ta biyo shi, ta yi masa ƙaho, ta ratse ta wuce. Bai ko waiwaya ba. Yadda yake tafiyar, ba irin ta mai koyon sabon abu ba ce.

Da ya dawo da yamma na bari ya jingine keken, ya zauna a kan turmi yana cire takalmi. Yara ba sa nan. Na ce, "Malam, na gan ka yau." Ya ce, "Na sani." Na ce, "Tun yaushe ka gane?" Ya daɗe yana kakkaɓe takalmin da ba komai a cikinsa. Ya ce, "Da daɗewa." Na ce, "Tun ranar?" Ya girgiza kai. Ya ce, "Tun kafin. Da kika faɗa mini, na je na tsaya na duba da kaina. Haka direbobin suke yi, yadda kika ce." Na ce, "Tana da rai a lokacin." Ya ce, "Tana da rai." Sai ya ce, "Ubana ne. Ta yaya zan tsallaka yana kallo?"

Na tashi na zuba masa ruwa a buta, don magariba ta kawo kai. Muka ƙara shekaru masu yawa tare a gida ɗaya, yana bin hannunsa daidai, ko kaza bai taɓa takawa ba. Ban sake yi masa maganar hanya ba. Da ciwon ajali ya kama shi ya kira ni ya nemi gafarata, kamar yadda kowane miji ke yi. Na ce na yafe, kamar yadda kowace mace ke cewa.